Rigar Dusar Ƙanƙara a Kasuwar Zuru

A hunturun bara na sayi wata jaket wajen masu gwanjo a kasuwar Zuru. Ja ce mai ratsin baƙi a kafaɗa, mai kauri, zif ɗinta lafiya lau. Ina ɗaga ta ina juyawa mai kayan ya ce, "Yallaɓai, wannan ko a kan mashin ka kwana iska ba za ta san kana ciki ba." Muka yi ciniki, na biya, na kama hanya. Sai da na isa gida na lura da wani ɗan aljihu a hannun hagu, dab da wuyan hannu, wurin da ban taɓa ganin tela ya sa aljihu ba. Na zuge shi, na zaro wani katin roba kamar na cirar kuɗi a banki, da hoton dutse fari fat da rubutun Jamusanci. Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma mai irin wannan aiki ba ya iya barci da abin da bai gane ba a gabansa. Kafin in kwanta na gano ko mene ne. Katin shiga keken nan ne da ke rataye a igiyar ƙarfe yana kai mutane ƙololuwar dutse, inda suke ɗaura dogayen katakai a ƙafa su zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara. An sa aljihun a hagu ne saboda na'urar da ke karanta katin a bakin ƙofa galibi a hagu take, don mutum ya wuce ba sai ya cire safar hannu ba.

Ashe rigar da na saya don zuwa teburin mai shayi da sassafe, an ɗinka ta ne don wasan da ba wanda ya taɓa yi a duk faɗin Jihar Kebbi. Tun daga ranar na riƙa kallon mutanen gari da wani ido. Ɗan kabu-kabu da ƙaton tabarau mai roba a ƙeya, mai gadi da hular da ta rufe komai sai idanu, yarinya 'yar firamare cikin wando mai auduga da aka yi don birgima a ƙanƙara. Sai na koma ina tambayar tsofaffinmu: kafin duk wannan, da me kuke tare sanyi?

Farko dai sanyin namu ba irin nasu ba ne. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Iskar ba ta da laima ko kaɗan, shi ya sa leɓe ke tsagewa, diddige ya yi faso, katako ya bankare. Da rana ma'aunin zafi kan haura 30, da asuba ya sauka ƙasa da 15. Bature zai ji wannan lissafi ya yi dariya. Amma jikin da ya sha rana da azahar, kuma ya kwana a ɗakin da aka gina don korar zafi, shi ya san abin da jaura take nufi. Ko Turawan ma ta taɓa ba su mamaki. A ƙarshen Disambar 1823 Hugh Clapperton, mutumin Sukotlan, da abokin tafiyarsa Dakta Walter Oudney suna kan hanyar Kano daga Kukawa, suka wayi gari ruwan salkunansu ya daskare. Oudney, wanda dama jinya yake, ya rasu a Janairun 1824 kusa da Katagum.

Amsar da na fi samu daga tsofaffi ita ce: ba a sawa, shiga ake yi. Da farko ban gane ba. Abin da suke nufi shi ne maganin sanyi a wancan zamani ba a jiki yake ba, a gida yake. Kakanninmu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da maƙwabtansu Dukawa da Fakkawa da Kambari, da yawansu a kan duwatsu suka zauna a ƙarni na 19, saboda hare-haren bayi, musamman daga Kontagora zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin. Kan dutse kuwa nan iska ta fi kaɗawa. Suturar namiji walki ne na fata. Turawan mulki da suka yi rubutu a kanmu, irin su P. G. Harris da ya wallafa bayanansa kan Dakarkari a 1938, sun kalli jikin mutane da kayan aikinsu da al'adunsu, suka rubuta abin da idonsu ya gani da rana. Ni abin da na so a ce wani ya tsaya ya rubuta shi ne daren Janairu. Ɗaki zagayayye na laka mai kaurin bango, ƙofa 'yar ƙarama da sai an sunkuya, ba taga, jinka mai kauri a sama. Lakar ta sha rana yini guda, da dare ta riƙa sakin ɗumin a hankali. A tsakar ɗaki gungume na ci sannu-sannu har safe. Tsofaffi da masu jego suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. A shafe jiki da man kaɗanya ko man shanu. Gari na wayewa a fito jin ɗumi a bakin wutar kara, in rana ta ɗaga a koma jikin bango shan hantsi, wanda dama kirarinsa leƙa gidan kowa.

Akwai kuma abin da ba a gani, wato kunya. Saurayin da ya yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai don ya sami mata, wanda ke shiga fagen kokawa in an kai amfanin gona gida lokacin Uhola, ba zai yarda a gan shi yana rawar ɗari ba. Wani dattijo a unguwarmu ya ce mini a zamaninsu in saurayi ya ƙudundune da safe, 'yan mata sun sami abin waƙa. Ban ce sanyin bai kashe jarirai da tsofaffi ba. Ya kashe. Jarumtar ta samari ce.

A can birane kuwa, zare ne ya yi magana. Ƙasar Hausa ta daɗe tana noman auduga, mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na rini. Da Heinrich Barth ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, suna kaiwa har Timbuktu da bakin tekun Atilantika da Tarabulus. Cikin kayan masaƙa akwai waɗanda sanyi ne ya haife su. Gwado, farin mayafi mai kauri da ake saƙawa ƙwarya-ƙwarya da zaren hannu sannan a haɗe da allura. Luru, mai faɗi da zane-zanen baƙi da fari, wanda ake shimfiɗawa a kuma lulluɓa. Hular haɓar kada, mai kunnuwa biyu da ake ɗagewa da rana a sauke su su rufe kunne da asuba. Rawani da amawali su ma ba ado kawai ba ne ga mai tafiya cikin ƙura. Fatake da ke bi ta Jega da Yawuri da Kontagora su suka riƙa shigo da irin waɗannan kaya ƙasarmu, a karɓi dawa ko dabba ko fata. Gwado ɗaya kan yi wa mutum shekaru masu yawa, ya yafa da safe, ya rufa da dare, ya goya jika a ciki, wani ma a cikinsa ake kai shi makwanci.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan zamani shi ne alkyabba. Mu nan mun san ta a kafaɗar sarki ranar naɗi ko hawan salla. Amma a inda ta fito, wato Arewacin Afirka, rigar sanyi ce ta gashin tumaki mai hula a haɗe, wadda makiyayi a duwatsun Atlas ke sawa don kada ɗari ya kashe shi. Ayarin raƙuma suka ƙetaro da ita ta Gadamas da Agadas, tare da jar dara ta Tunis, wadda ita ma ulu ce aka daka. Da ta iso inda ba a buƙatar kaurinta sai wata biyu ko uku a shekara, tsadarta da nisan da ta sha suka mai da ita alamar mulki, aka yi mata aiki da zaren zinariya, har ta kai ana yafa ta a tsakiyar bazara ana gumi. Ke nan ba yau muka fara karɓar rigar sanyin wata ƙasa mu ba ta aikin da masu ita ba su taɓa tunani ba. Bambancin kawai, waccan ta zo sabuwa ta sauka a fada, wannan ta zo tsohuwa ta sauka a tasha.

Sai soja. Duk wanda ya san Zuru ya san gida nawa ne ba su da hoton wani cikin kaki a bango. Tun zamanin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma ake ɗibar samarinmu. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Gabashin Afirka, inda a 1941 suka taso daga Mogadishu suka hau tsaunukan Habasha har Harar, daga baya runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda suka je Bama suka dawo. Abin da mahaifiyata ta fi tunawa cikin kayan da ya dawo da su ba lambar yabo ba ce, bargo ne. Bargon soja mai ruwan toka, mai kaushi kamar soso, wanda in ka rufa da shi ba riga sai ka kwana kana susa. Ta ce su biyar suke shiga ƙarƙashinsa, kuma maƙwabta kan aiko a ara in an yi haihuwa cikin ɗari. Da shi da wata suwaita mai ruwan ƙasa da ya sa har gwiwar hannunta ta ɓule aka yi mata faci da fata.

A ganina nan ne maganin sanyi ya fara tashi daga ɗaki ya koma jiki. Soja mutum ne da aka raba da ɗakinsa da wutarsa, dole a ba shi ɗumin da zai naɗe ya goya. Da ya dawo ya zama ɗan doka ko masinja ko mai gadi, aikin da ake yi a tsaye a waje da dare, sai kayan suka bi shi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara ɗibar wasu samarin, garin da daga baya ya fitar da janar-janar irin su Sani Sami da Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba. Suwaitar soja mai faci a kafaɗa ta zama abin da ƙane ke gada wajen wa. Abin dariya, su ma Turawan daga yaƙi suka samo wasu kayan sanyinsu. Hular nan mai rufe fuska da suke kira balakalaba sunan wani gari ne a Kirimiya inda sojojin Ingila suka sha ɗari a 1854, suwaita mai maɓallai a gaba kuma da sunan wani hafsansu na wannan yaƙi, Lord Cardigan, ake kiranta.

Mata su ma sun shigo da nasu. A makarantun mishan da azuzuwan koyon sana'a aka koya musu saƙa da ƙwarashi da zaren ulu. Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 kusan dukanmu akwai hotonmu muna jarirai cikin hula da safa da riga masu launin shuɗi ko ruwan hoda da wata gwaggo ta saƙa. Tawa har da tuntu a kai.

A daidai wannan lokaci Arewa ta yi yunƙurin tufatar da kanta da inji. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, Gusau ma ta sami tata, Kano da Funtuwa haka. Audugar da manomanmu ke kaiwa fuloti tana komawa yadi a cikin ƙasa. Labarin faɗuwarsu an sha ba da shi: tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar naira, rashin wuta, tsadar baƙin mai, fasa-ƙwaurin yadi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna a 2007. Amma gaskiya ko a lokacin da suke ganiyarsu atamfa da akoko da shadda suka fi mai da hankali a kai. Rigar da za ta tare iska ga mutumin da ke gudu a kan babur da asuba, ba wanda ya zauna ya zana mana ita. Wannan gurbi a buɗe yake, gwanjo ya zo ya shige.

Yanzu bari mu bi jaket ɗina baya zuwa inda ta fito. An yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix ta Faransa a 1924, shekara ɗari cif bayan rasuwar Oudney, kuma masu zamiyar ƙanƙara na lokacin ulu suke sawa, mai nauyi, mai shan ruwa. A 1936 wani mai shagon kayan farauta a Seattle ta Amurka, Eddie Bauer, wanda sanyi ya kusa kashewa wajen kamun kifi, ya fito da riga mai cushe da gashin dinya, aka ɗinke ta gida-gida don kada gashin ya zube ƙasa, ya yi mata rajista a 1940. Da na ga hoton ta farkon sai na ce, ai wannan lifidi ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Yadi biyu, a cusa auduga a tsakani, a bi da ɗinki. Mu mun yi don tare kibiya, su sun yi don tare sanyi, dabarar ɗaya ce. Har yau ina mamakin yadda masu ɗinka wa doki lifidi shekara ɗari shida ba su taɓa rage shi ya zama rigar hunturu ta talaka ba, ga audugar rimi tana zuba a banza.

Daga nan kamfanoni suka ɗauka. An kafa Moncler a wani ƙauye kusa da Grenoble a 1952, ita ta tufatar da 'yan zamiyar Faransa a gasar 1968. The North Face ta buɗe a San Francisco a 1966. A 1969 Bob Gore ya gano wata 'yar fatar roba mai ƙananan ƙofofi da ke hana ruwa shiga amma ta bar gumi ya fita, wadda ta zama Gore-Tex. Wajen 1981 wata masaƙa a Massachusetts, Malden Mills, ta fito da yadin nan mai laushi kamar gashin ɗan rago wanda da zaren roba ake yin sa. Mai kamfanin, Aaron Feuerstein, bai yi masa rajistar mallaka ba, kowa ya kwaikwaya, farashi ya faɗi. Mu masu manhaja mun san irin wannan: ka saki abinka kyauta, ka wayi gari yana aiki a wurin da ba ka san da shi a taswira ba. Bargon nan mai laushi mai hoton damisa ko fure da ke kan gadon kowace amarya a Rikoto jikan wancan yadi ne.

Abin da ya sa kayan ke kwararowa shi ne yayi. Manyan gidajen ɗinki na Paris da Milan tun Fabrairu da Maris suke nuna abin da za a sa a hunturu mai zuwa. Kaya su shiga shaguna da kaka, a karya farashinsu a Janairu, shekara na zagayowa a ce launin bara ya tsufa. Da ɗumi ya shigo can, mutane su kwashe abin da suka gaji da shi su zuba a akwatunan ƙungiyoyin agaji. Kaɗan ake sayarwa a gida, sauran a auna da sikeli a sayar wa kamfanonin tantancewa, su ware su matse su a dila mai kilo 45 ko 55. Ga masu tantancewar, kayan sanyi masu nauyi ba na Afirka ba ne, Gabashin Turai da irin su Pakistan ake nufa da su, don mutumin Legas ko Akara ba abin da zai yi da rigar gashin agwagwa. Mu 'yan yankin hunturu mu ne 'yar ƙofar da ta rage a wannan nahiya.

Sai dai ƙofar ta baya ce. Shekara da shekaru tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, don kare masaƙun da yanzu yawancinsu kufai ne. Saboda haka jirgi kan sauke a Kwatano ko Lome, kaya su shigo ta kudu zuwa Legas da Aba, ko su hau arewa ta Parakou da Malanville su ƙetare kogin Kwara zuwa Gaya, wadda tsakaninta da Kamba tamu ta Kebbi ba nisa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce babbar matattara a Arewa. Mai gwanjon da ya sayar mini ya ce shi tun damina yake sayen dilar kayan sanyi, lokacin da ba mai kallonta, ya ajiye sai iska ta juya ya yanke igiya. Bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Wata dilar ta fitar da shi, wata ya tarar rabinta wandunan ƙanƙara ne na ƙattin Turawa da ba mai saye. Kuma ranar da hazo ya ɗauke, abin da ya rage ya zama jari a kwance har baɗi.

In ka iya kallo, kana iya karanta shekarun Turai a jikin mutanen Zuru da safe. Tsohon da ke sanye da jaket mai kore da ruwan hoda da shunayya masu ƙyalli kamar alawa, yayin ƙarshen shekarun 1980 ne a jikinsa. Mai laushin nan mai zif rabi na 1990 ne. Sirara mai ƙananan gidaje da ake dunƙulewa a jaka ta shekarun 2010 ce. A da jinkirin da ke tsakanin yayinsu da namu shekaru ne. Yanzu waya ta cinye shi. Yaro ya ga mawaƙi a TikTok cikin baƙar jaket mai kumburi da sheƙi, sati na zagayowa yana nemanta, kuma zai samu, sabuwa dal daga Chaina ta hanyar Kantin Kwari, da sunan babban kamfani a ƙirji wanda wani lokaci harafi ɗaya ya ɓace. Tana da kyau a hoto. Auduga ce ta roba 'yar kaɗan a ciki, wanki biyu ta kwanta. Masu aikin asuba sun san bambanci, su gwanjon suke nema.

Cikinsu kuwa ba kamar 'yan kabu-kabu. Mai zamiya a kan dutse da mai tuƙa babur daga Zuru zuwa Dabai ƙarfe shida na safe matsalarsu ɗaya ce: iska mai sanyi tana dukan ƙirji da gudu. Duk abin da aka ƙera don wancan ya dace da wannan kamar an auna. Wuyan da ke rufe haɓa, hannun da ake ɗamewa, robar da ke ciki wajen ƙugu don hana ƙanƙara shiga ta ƙasa, wadda a nan take hana iska da ƙura. Tabaran da aka yi don hasken dusar ƙanƙara yana tare jar ƙasar hanyar Ribah. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan dai ya rufe, har da rara.

Ba kyauta muka same shi ba. Ka duba jaket ɗin duk wanda ke zama teburin mai shayi, za ka ga ƙananan huji zagayayyu a gaba da hannu. Tartsatsi ne. Kayan an yi su ne don ƙasar da ake ɗumama ɗaki da bututu, mu kuwa har gobe wuta muke kewayewa. Gwado in ya kama wuta yana ci a hankali, ka ji ƙauri ka kashe. Zaren roba narkewa yake ya manne da fata. Duk uwar da ke sa wa yaro irin wannan riga ta bar shi kusa da murhu ya kamata ta san haka. Sannan mun bar ɗakin laka mun koma bulo da kwano, wanda ke gasa mu da rana ya daskarar da mu da dare, sai mu rufe taga mu shigo da gawayi, hayaƙin da ba a gani ya yi ta kwantar da mutane. Masaƙan gwado kuwa, na yi cigiya a kasuwa ban sami wanda zai nuna mini ko ɗaya da ke aiki a kusa ba. Ɗuminmu yanzu a hannun canjin dala da bakin iyaka yake. Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 mun ji a jika. Da aka saki naira a Yunin 2023, wata guda bayan haka aka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufe waccan iyaka, mun ƙara ji. Rigar da wani ya zubar kyauta a Jamus ta zama abin da magidanci ke tsayawa ya yi lissafi kafin ya saya wa 'ya'yansa uku.

Duk da haka bakina ba ya iya zagin gwanjo yadda wasu abokaina 'yan boko ke yi, su ce an mai da mu juji. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma a 'yan shekarun nan mun ga mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka tasa, sun shigo gari da abin da ke jikinsu kawai, suna kwana a kangwaye da barandar makarantu. Duk waccan tsohuwar hikima ta kakanni, bangon laka da gungume da gadon ƙasa, a gida take, kuma gidan aka bari a baya. Wanda ya gudo cikin dare ba ya goyo ɗaki. Da unguwarmu ta yi karo-karo a wani hunturu don taimaka musu, ba wanda ya kawo shawarar a nemo masaƙi. Dila muka saya, aka yanke a tsakar gida, mata suka yi ta ɗaga ƙananan riguna suna gwadawa a bayan yara. Na ga wata yarinya da ba ta fi shekara biyar ba an zura mata riga mai haɗe da wando, ruwan hoda, da hoton wani dutsen Ostiriya a ƙirji. Tafiya take kamar ɗan agwagwa, hannuwa a buɗe, sauran yara na dariya, ita ma tana yi.

Gwadon kakata yana nan wajen mahaifiyata, a ƙasan akwati, ya yi ruwan ƙasa don tsufa, gefensa ya fara zarewa. Na ce ta ba ni, ta ce sai bayan ranta. Jaket ɗin kuwa ba ta yi sati uku a hannuna ba. Ni mai aikin zaune ne, kafin in buɗe kwamfuta hantsi ya riga ya leƙo. Ɗan ƙanin babana da ke kabu-kabu ya gan ta a rataye ya ce, "Yaya, wannan ai zaluntarta kake yi a ɗaki." Na ce ya ɗauka. Na nuna masa katin na ba shi labarin keken igiya da na'urar hagu, ya saurara har ƙarshe, ya huda katin ya rataya a makullin mashin. Aljihun kuma nan yake zuba 'yan canji, ya ce ko bai tsaya ba yana iya zaro naira hamsin da hannun dama ya miƙa wa fasinja. Jiya da asuba na ji tashin mashin ɗinsa, na leƙa ta taga, ban ga komai cikin hazon ba sai jar rigar tana yin hanyar Dabai.